Ƙwai Goma Sha Ɗaya na Mai Tukku

Talata

Zuwa ga Autata,

Ina gaishe ki da kyau. Ina fata kina lafiya, kuma kina cin abinci na gaske, ba shayi da burodi a tsaye ba kamar yadda kika saba in za ki wurin aiki. Na iso lafiya. Yayanki ya tare ni a tasha, matarsa ta ba ni ɗakin da ke kallon titi. Gidan bene ne, matakala arba'in da biyu, gwiwata ce ta ƙirga. Likita ya ce sai hawan jinina ya sauka za a yi aikin gwiwar, nan da mako biyu.

Yayanki ya ce in daina wahalar da kaina da biro tunda ga waya. Na ce masa wayar da ba na jin komai a cikinta sai zuuu? Kin san kunnena. Da ba ki zaunar da ni a teburin kicin kin koya mini rubutu shekara uku da suka wuce ba, da yanzu ni da bango ɗaya muke. Direba zai riƙa kai miki takardata, ke ma ki riƙa ba shi taki.

Maganar Mai Tukku ce ta hana ni sakat. Yau kwananta tara a kan ƙwai. Goma sha ɗaya ne, na ƙirga kafin in taho. Kin san ciwon bara ya share mini akurki, zakaran ma ya bi su a watan jiya. Ita kaɗai ta rage a irin kajin da kakarki ta ba ni a kwando shekara arba'in da suka wuce. Duk unguwar babu mai kaza mai tukku a ka sai ni. Ƙwan nan su ne na ƙarshe daga zakaran.

Kullum da safe ki ajiye mata hatsi da ruwa nesa kaɗan da gurbin, don ta tashi ta miƙe ƙafa. Ki bar mata toka a kusurwa ta yi birgima saboda ƙuma. In ta hura miki fuka-fuki kada ki ji haushi, ni ma haka take yi mini. Ki kula da tsabtar wurin, ko da yake ke ba sai an gaya miki wannan ba.

Hannuna ya gaji. Ki yi haƙuri da layukan da suka karkace.

Innarki

*

Juma'a

Inna,

Na ga takardarki, na yi murna da kin isa lafiya. Rubutunki bai karkace ba, ɗalibata tana nan da ƙoƙarinta. Ki riƙa shan maganin kamar yadda aka ce, ki rage gishiri, na san halinki.

Aiki ya yi yawa a ɗakin gwaji, mutum biyu sun tafi hutu, ni kaɗai nake ɗibar jini tun safe. Amma ban manta da gimbiyarki ba. Jiya ta sare ni a yatsa, na ce mata zan kai ƙararta. Na samu wurin ya yi kaca-kaca, na gyara komai fes, har gurbin. Yanzu ko aikin gwiwarki za a iya yi a akurkin nan.

Mai Ɗinki ta maƙwabta tana gaishe ki. Ki gaida Yaya da Anti.

Autarki

*

Litinin

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Jinina ya sauka, an ce ranar Alhamis za a yi aikin. Ba na jin tsoro sosai. Maganarki ta cewa za a iya yi mini aiki a akurki ta sa na yi dariya har matar yayanki ta leƙo ta ga ko lafiya.

A lissafina jiya Lahadi kwana ashirin da ɗaya suka cika. Tun jiya nake zaune a bakin taga ina kallon motoci, zuciyata tana gida. Nawa suka fito? Kada ki damu in ɗaya ko biyu sun yi baragurbi, haka ake yi, ba a taɓa samun duka.

Ga abin da za ki yi. Ranar farko kada ki dame su da abinci, da guzurinsu suke fitowa a ciki. Ruwa ya fi muhimmanci. Ki zuba a faranti marar zurfi, ki jera tsakuwa a ciki, don ɗan tsako yana iya nitsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba. Washegari ki daka musu hatsi ƙanana-ƙanana. Uwar za ta koya musu ci, za ki ga tana ɗaukar ƙwaya tana yarwa tana kiransu. Ki riƙa juya su kina duba gindinsu. In kashi ya bushe ya toshe wurin, ki jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ki goge a hankali, in ba haka ba kwana biyu ya yi yawa. Kada ki bar su su fita tsakar gida sai sun yi mako biyu, shirwa ta san gidanmu.

Ki saurari kukansu, ke da Allah ya bar miki kunne. Wanda ya ƙoshi ya ji ɗumi, ƙasa-ƙasa yake yi kamar mai magana da kansa. Wanda yake tsala kuka da ƙarfi ba ya tsayawa, ko sanyi yake ji ko ya ɓata daga uwarsa. Wannan kukan yana cikin abubuwan da na fi kewa tun da kunnena ya tafi. Ki ji mini, ki rubuto mini.

Ki ba Direba amsa da wuri. Ina so in shiga ɗakin aikin da labarinsu a raina.

Innarki

*

Juma'a

Inna,

Sannu da jiki, sannu. Yaya ya gaya mini an yi aikin lafiya, har kin fara taka ƙafar da sanda. Allah ya ƙara sauƙi. Ki yafe mini da na yi kwana goma sha ɗaya ban ba ki amsa ba, aiki ne ya sha kaina.

Albishirinki. Sun fito, guda goma. Ɗaya ne kawai bai yi ba. Inna, da kin gan su, duk rawaya ne kamar an tsoma auduga a kala, ba ki iya bambanta wannan da wancan. Ci kuwa ba a magana, faranti ba ya minti goma. Na sa su a kwali a ɗakin ajiya, na rataya musu ƙwan lantarki don ɗumi, saboda Mai Tukku ta gaji, tana bukatar hutu. Na sa tsakuwa a ruwan kamar yadda kika ce.

Ke dai ki kwantar da hankalinki ki warke. Komai yana tafiya daidai.

Autarki

*

Talata

Auta,

Na gode da gaisuwa. Gwiwar tana zafi amma tana lanƙwasuwa. Kullum wata ma'aikaciya tana zuwa ta murɗa ta, ni ina salati ita tana murmushi.

Kwanakin da ban ga takardarki ba, ban ji daɗinsu ba. An shiga da ni ɗakin aiki ina tunanin ko ke ce ba ki da lafiya. Da Direba ya kawo, na karanta sau uku, na ce wa yayanki goma, goma cif. Ya ɗaga mini babban yatsa ya koma kan wayarsa.

Amma da na sake karantawa, wasu abubuwa sun tsaya mini. Kada ki ce Inna ta fara mita. Kin ce duk rawaya ne. Auta, shekara arba'in ban taɓa ganin irin nan sun fito kala ɗaya ba. Akan samu baƙi, akan samu mai zane biyu a gadon baya, akan samu ruwan ƙasa. Ko hasken ƙwan lantarkin ne ya ruɗe ki? Ki fito da ɗaya rana ki duba. Ki shafa kansa da ɗan yatsa, za ki ji ɗan tudu a tsakiya, nan tukkun zai fito.

Sannan wa ya ce miki kaza mai 'ya'ya tana hutu? Wace uwa ce ta taɓa hutawa? In kika raba ta da su, za ta yi ta zagaye tana kira har muryarta ta dushe. Ki mayar mata da 'ya'yanta yau. Ƙwan lantarki ba ya koya wa tsako tono, ba ya buɗe masa fiffike in shirwa ta gifta.

Ki gaya mini yadda take. Tana ci? Ƙoron da ke kanta ja ne ko ya koɗe? Ba ki ce komai a kan kukansu ba, kuma na roƙe ki.

Innarki

*

Juma'a

Inna,

Ina gaishe ki da jiki. Ina sauri ne, Direba yana jira a ƙofa.

Kada ki sa damuwa a ranki. 'Yan tsakin suna girma sosai, fararen gashi sun fara fito musu a fiffike, ƙafafunsu manya-manya. Tudun kan ban ji shi ba tukuna, wataƙila sai nan gaba. Kukansu lafiya lau. Mai Tukku tana nan a gurbinta tana hutawa.

Ki ci gaba da motsa ƙafar.

Autarki

*

Lahadi

Auta,

Ina fata kina lafiya. Ni jikina da sauƙi. Sauran gaisuwar ki yafe ni yau.

Kin ce tana gurbinta. Kazar da ta ƙyanƙyashe ba ta komawa gurbi, ko an ɗaure ta. In har tana kwance a wurin, to ƙwan suna ƙarƙashinta, ba su fashe ba. Fararen gashi, manyan ƙafafu, ci ba ƙoshi, kala ɗaya. Kajin gidan gona ne waɗannan, na injin ƙyanƙyasa. Rubutu ne na koya da tsufa, kaza kuwa tun ba a haife ki ba na san ta.

Ki ajiye takardar nan ki tafi akurki yanzu. Ki ɗaga ta da hannu biyu ko za ta sare ki. Ki kwashe ƙwan ki binne, ki kwashe ciyawar, ki kife kwando a kan gurbin. Kaza ba ta san ƙirga kwana ba. Muddin tana jin ƙwai a ƙirjinta za ta yi ta jira, ba ci ba sha, ƙuma tana shan jininta, har ta ƙare. Ki tsoma ƙirjinta a ruwan sanyi don zafin kwancin ya sauka. Ki dafa ƙwai ki marmasa mata, ki sa ɗan sukari a ruwanta. Yau mako shida ke nan tana kwance. Mako shida, Auta.

Da yake Direba ba zai tashi ba sai jibi, na rubuta wa yayanki a takarda ya kira ki a waya yanzu-yanzu. Ya karanta, ya dubi matarsa, ita ta dubi ƙasa. Ya fita baranda ya kara wayar a kunne. Ya manta kurma da ido yake ji. Ta gilashi nake kallonsa, bakinsa bai motsa ba ko sau ɗaya. Ya dawo ya rubuta mini a ƙasan takardar: An ɗaga ta, tana cin abinci.

Ban san abin da kuka sani ba ku uku. Ki rubuto mini shi, ko mene ne.

Innarki

*

Laraba

Inna,

Ban san yadda zan gaishe ki ba. Na yaga takarda huɗu kafin wannan.

Mai Tukku ta mutu. Ranar Juma'ar da na rubuta miki cewa tana hutawa, da safiyar ranar na same ta a kan ƙwan, ta sandare. Da na ɗaga ta ba ta fi nauyin tsumma ba. Na binne ta a gindin lemon tsakar gida, na wanke hannu, na zauna na rubuta miki wancan.

Ni na kashe ƙwan. Ranar da na gyara akurkin na ga kashi da laka a jikinsu, sai na kwashe su na wanke da ruwan famfo da sabulu, na goge da maganin da muke goge tebur a wurin aiki. Na ɗauka alheri na yi. Sai da kwanaki suka wuce shiru na gaya wa Mai Ɗinki, ta dafe ƙirji ta ce ba a wanke ƙwan kwanci, akwai abin da ke rufe ɓawon, in ya tafi shi ke nan.

Na kira Yaya ina kuka. Ya ce kada in kuskura in gaya miki, jininki zai hau a fasa aikin. Shi ya ce in sayo 'yan tsaki a shagon abincin kaji. Na sayo goma sha ɗaya, na tura wa Mai Tukku su da rana tsaka. Ta sari ɗaya a ka ya mutu nan take, na kwashe sauran. Ƙwan kuma na bar mata, ina cewa ko Allah zai sa ɗaya ya fito, in samu abin da zan nuna miki. Ina ajiye mata hatsi a gabanta, ina ganin ba ya raguwa, ina cewa gobe za ta ci. Bayan an yi aikin na so in faɗa. Kullum sai in ga ƙaryar ta ƙara tsawo, in kasa samun bakin zaren. Ba zan ɗora wa Yaya ba. Hannuna ne ya rubuta.

Cikin goman, biyu sun mutu. Takwas ɗin ma ban gane musu ba. Suna gudun ƙwan lantarkin, suna maƙalewa a jikin kwali da baki a buɗe, fiffike a sake. Ɗaya ba ya iya tsayuwa. Ƙasan kwalin ya jiƙe yana wari. Ban san abin da zan yi ba, kuma ba ni da bakin tambayarki.

Ki yafe mini, Inna.

Auta

*

Litinin

Auta,

Ina gaishe ki. Jiya na sauka matakala goma na hau ba wanda ya riƙe ni. Likita ya ce nan da mako uku zan iya shiga mota. Jinina bai hau ba. Ki gaya wa yayanki haka, tunda ku kuna magana, ni kuwa kwana huɗu ban buɗe masa baki ba. Ya sayo mini lemo da ayaba ya ajiye a bakin gado. Suna nan.

Bari in fara da masu rai. Zafi ne yake damunsu. Sun kusa mako uku, kwali ya yi musu kaɗan. Ki kashe ƙwan lantarkin. Ki share akurkin, ki zuba dusar katako mai kauri, ki mayar da su can. Kada ki shimfiɗa jarida ko leda, santsi yana baje musu ƙafa. Duk inda ya jiƙe ki kwashe a ranar. Ki ɗora abin ruwan a kan bulo don kada su taka. Irin nan ba su san ƙoshi ba, ki riƙa ɗauke abincin na wasu awoyi, in ba haka ba jiki zai fi ƙarfin ƙafa. Wanda ba ya tsayuwa ki ware shi, ki kai masa ci da sha kusa da baki. Ba su yi wa kowa laifi ba. Sayo su aka yi su yi ƙarya, su kuwa ba su sani ba.

Wankin ƙwan na yafe tun kafin in kai ƙarshen layin. Ni na ce ki kula da tsabta, ban ce ban da ƙwai ba. Hannunki abin da ya saba ya yi. Da kin rubuto mini ranar da kwanaki suka cika cewa Inna, shiru, da na yi kuka na kwana ɗaya, na ce ki ɗaga ta. Da wata biyu za ta sake yin ƙwai. Mu ari zakaran Mai Ɗinki, rabin 'ya'yan su fito da tukku. Na ƙirga, daga Lahadin da kwanakin suka cika zuwa ranar da ta mutu kwana goma sha tara ne. Kowace rana a cikinsu layi ɗaya ya isa. Ruwan famfo ƙwai ya kashe, Auta. Ita ba shi ya kashe ta ba.

Kin tuna abin da kika ce mini a teburin kicin, ranar da na jefar da fensir na ce kaina ya tsufa? Kika ce, Inna, in kin iya, ba wanda zai sake yin magana a kanki kina zaune kamar kujera. Na yarda da ke. Na yi wata takwas ina zana baƙi kamar 'yar aji ɗaya, maƙwabta suna dariya. Tun da kunnena ya tafi, ƙofa ɗaya ta rage mini da magana take shigowa, ke kika buɗe ta. Yanzu in an miƙo mini takarda sai in tsaya ina kallon fuskar mai miƙowa.

Kin san gwangwanin da nake ajiye duk abin da kika taɓa rubuta mini, tun daga takardar farko da kika sa sunana in kwafa. Na zo da shi. Na ciro biyu daga ciki, ta albishir da ta hutawa, na haɗa da guntun da yayanki ya rubuta. Suna cikin ambulan ɗin nan. Naku ne, ba ni da wurin ajiye su.

Ta ranar Laraba ita na sa a gwangwanin. Na karanta ta sau ɗaya, ba na jin zan sake, amma ita ce tawa.

Ranar Juma'a ki rubuto mini nawa suka rage. In takwas ne ki ce takwas. In biyar ne ki ce biyar. Ki ɗora dutse mai nauyi a gindin lemon saboda karnuka.

Innarki